Farkon bazara: Makonnin da bargo ke komawa akwati, randa ta karɓi mulki

A ƙasar Hausa ba sai an duba kalanda ba kafin a gane hunturu ya fara naɗe tabarmarsa. Gaisuwa ce ke fara tona asiri. Mutumin da ya shafe wata biyu yana ce wa maƙwabcinsa "Yaya sanyi?", wata safiya a ƙarshen Fabrairu sai a ji ya koma "Yaya zafi?" Amsar ce kawai ba ta canzawa: "Lokacinsa ne."

Daga nan sauran alamomin ke biyo baya. Teburin mai shayi ya fara raguwa da jama'a, mai sayar da ƙanƙara kuma ya fara amsa gaisuwa da ƙyar. Yaran da aka yi ta kokawa da su kafin su yi wanka, yanzu sai an kore su daga bakin famfo. Har manyan da suka yi yarjejeniyar zaman lafiya da ruwa tun watan Disamba, sai ga su da bokiti sau biyu a rana.

Makonnin farko dai akwai yaudara a cikinsu. Da asuba sanyi, da azahar wuta. Magidanci zai fita kasuwa da rigar sanyi, ya dawo da ita rataye a kafaɗa kamar wanda ya tsinto. Uwargida za ta wanke bargo ta ajiye, ƙarfe 4 na dare a tashe ta a ce ina ta kai shi.

Sai dai waɗannan 'yan makonni su ne damar da gida ke da ita kafin zafin Afrilu da Mayu ya kankama, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Abin da aka tanada yanzu da araha, a lokacin da tsada za a neme shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ke kawo zafin?

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ɗauke da ƙurar hamada, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ƙurar nan, duk da tari da kaushi da fason da take jawowa, tana tare wani ɓangare na hasken rana. Idan ta fara washewa, babu gajimare, babu danshi a ƙasa, rana kuma kullum sai ƙara miƙewa take yi a tsakiyar ka.

Ranar 20 ko 21 ga Maris rana kan daidaita a kan layin da ya raba duniya biyu, dare da yini su yi kusan kunnen doki a ko'ina. Daga nan sai ta ci gaba da matsowa arewa. Wajen 21 ko 22 ga Afrilu take tsayawa cak a saman Kano. Duk wanda ya kafa sanda a miƙe a tsakar gida a ranar, jim kaɗan kafin ƙarfe 12:30 na rana, zai ga inuwarta ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. Gwaji ne da yara za su ji daɗinsa, muddin ba a bar su sun daɗe a ranar ba.

Wannan lokaci da ake shirin gumi a nan, a Turai murnar fita daga sanyi ake yi, har sukan tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan Maris. Masu gidajen kallon ƙwallo sun fi kowa sanin haka: wasan gasar Firimiya da aka saba kallo ƙarfe 4 na yamma sai ya dawo ƙarfe 3, na gasar Zakarun Turai kuma daga ƙarfe 9 na dare ya dawo 8. Duk shekara sai an samu wanda ya iso da taƙama, ya tarar an tafi hutun rabin lokaci.

A sayi tumatir tun yana rokon mai saye

Farkon bazara ya yi daidai da lokacin da kayan noman rani ke cika kasuwa. Tumatir daga Kadawa da Kura, albasa daga Aliero, ga tattasai da attaruhu, duk sun sauko. Nan da wata biyu zuwa uku, idan zafi ya ƙone gonaki, ruwan fadama ya ja baya, kwandon da ake roƙon mutum ya saya shi ne zai gagari mai albashi.

Dabarar iyaye da kakanni ita ce kauɗa. A zaɓi tumatir mai ƙwari wanda bai fara ruɓewa ba, a wanke, a yanka biyu ko huɗu, a shanya a kan tabarma mai tsabta da aka ɗora bisa wani abu, a lulluɓe da raga saboda ƙuda. Shanya a bakin kwalta ko a ƙasa ita ke sa miya ta yi ƙasa-ƙasa. Sai ya bushe ƙayau ake kwashewa, domin ɗan danshin da ya rage shi ke kawo fumfuna. Haka ake yi wa kuɓewa da tattasai. Albasa kuwa iska take so: a baza ta a inuwa, kada a ƙulle ta a leda.

A kicin ma doka ta canza. Miyar da takan kwana lafiya lau a hunturu, yanzu kafin safiya ta yi tsami. A tafasa ta sosai da dare, a sake tafasawa da safe, ko kuma a rage yawan girkin. Kunun aya ya fi kowa rashin haƙuri: in babu sanyi, 'yan awoyi kaɗan ya juya. Ɗumamen da aka sansana aka yi shakka a kansa, gara a haƙura da shi, domin kuɗin asibiti ya fi kuɗin tuwo.

Firjin da ba ruwansa da wuta

Da zarar zafi ya shigo, buƙatar wutar lantarki kan ƙaru, ita kuma ta ƙara yin wuyar gani. A nan ne randa ke dawo da martabarta. Sirrinta shi ne ƙananan ƙofofin da ke jikin yumɓu: ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar kuma ta tafi da zafin da ke ciki. Shi ya sa randar da aka shafa wa fenti ko siminti ba ta sanyi, kuma sabuwa takan fi tsohuwar da ƙofofinta suka toshe.

A ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan jiƙaƙƙen yashi. A riƙa wanke cikinta a kai a kai, a rufe bakinta, a ware mata moɗa guda wadda ba a kafa kai a sha da ita.

Da wannan hikimar ce wani malamin makaranta daga Jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyuka, har ya samu kyautar Rolex ta dala 75,000 a shekarar 2000. Haɗa ta ba wuya. A samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a saka ƙaramar a cikin babbar, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan miya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Safe da yamma a ƙara wa yashin ruwa. A gwajin da ya yi, gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai kuma suka kai mako uku. Dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska, wato daidai irin ta wannan lokaci.

Ɗaki, waya da baƙin dare

Kafin a kunna fanka a karon farko, a goge fukafukanta, in ba haka ba ƙurar wata uku za ta raba wa mutanen ɗaki. Masu sola su ma su goge allunansu da sassafe kafin su ɗauki zafi, domin ƙura na rage wutar da suke bayarwa. Bargo da rigunan sanyi a wanke, a shanya su bushe sarai, a sa busasshen ganyen darbejiya a tsakaninsu saboda ƙwari.

A buɗe tagogi da dare da asuba, a rufe na ɓangaren rana idan hantsi ya yi. Jiƙaƙƙen zane a bakin taga yana sanyaya iskar da ke shigowa. Yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma kuma yana kwantar da ƙura da hucin ƙasa.

Wayar hannu ita ma ba ta son zafi. Kamfanoni irin su Apple sun ce wayoyinsu sun fi aiki daidai tsakanin digiri 0 zuwa 35. Cajin waya a ƙarƙashin matashi, ko barinta a gaban mota cikin rana, yana kashe batir da wuri. Magunguna ma yawancinsu an rubuta a jikin kwalinsu kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 25 ko 30, don haka saman taga ba wurinsu ba ne.

Masu komawa kwana a tsakar gida kuma su tuna ba su kaɗai zafi ke korowa waje ba. Kunama ma na fitowa shan iska. A share wurin shimfiɗa, a kawar da tarkacen bulo da itace, a ɗaura gidan sauro, a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa.

Inda wasa ya ƙare

Akwai baƙon da ba a yi masa raha, wato sanƙarau. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar na cikin yankin da cutar ta fi addaba a Afirka, wanda ya taso daga Senegal har Habasha, kuma a watannin rani take tashi. Busasshiyar iska da ƙura na raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗakin da ba iska kuma na sauƙaƙa yaɗuwarta ta tari da atishawa. A shekarar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000.

Alamominta su ne zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske da ruɗewa. A jarirai akan ga maɗiga ta kumbura, ko yaro ya ƙi kama nono. Tana iya kisa cikin awa 24, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida da nau'in bakteriya ya kama yakan mutu. Wasu da suka tsira kan rasa ji. Wanda ya ga waɗannan alamomi ya nufi asibiti a take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye.

Akwai rigakafi. A shekarar 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar cutar. Yanzu ne lokacin ciro katin rigakafin yara a duba, har da na ƙyanda, wadda ita ma a zafi take yawaita.

Shi kansa zafin yana kwantar da mutum. A sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo, a kuma lura da fitsari: idan ya yi duhu, jiki na neman ruwa. Tsofaffi da masu ciki da masu aiki a rana, irin su 'yan garuwa da leburori, su ne suka fi shiga haɗari. Idan gudawa ta kama wani kuma babu ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a kusa, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono ya ishe shi, sai dai a ƙara yawan shayarwa. Kada a bar yaro a cikin mota a rufe ko da na minti biyar ne.

Sai an ga shamuwa

Wanda ya fita bayan gari a wannan lokaci zai ga gawo ya yi kore shar alhali yawancin itatuwa sun zubar da ganye. Ɗabi'arsa ke nan: ya yi ganye da rani, ya kaɗe da damina, abin da ya sa ake masa kirari da wanda ya ƙi ruwan Allah. Makiyaya kuwa ba su ga laifinsa ba, domin 'ya'yansa da ganyensa ne ke riƙe dabbobi idan ciyawa ta ƙare.

Mangwaro ya fara nuna, yara sun fara jifa, guguwa ta fara zagaye fili tana kwashe ledoji. Manomi na sharar gona yana kai taki. Mai gida mai hangen nesa kuma yanzu yake hawa ya duba kwanon rufinsa, ya ƙara ƙusa, ya yashe kwata, tun kafin iskar farkon damina ta zo ta yi masa aikin da ƙarfi.

Nan gaba kaɗan wani zai ɗaga kai ya hango shamuwa a kan bishiya, labari ya zagaye unguwa cewa ruwa ya kusa. Kafin ranar dai akwai sauran gumi. Gidan da randarsa ke cike, kauɗarsa na rufe a mazubi, katin rigakafin yaransa kuma ba gibi, shi ne idan aka ce masa "Yaya zafi?" zai amsa da "Lokacinsa ne" hankali kwance.