Kurmin Fadamar Haɗeja Da Nguru

Kowace shekara, wajen watan Agusta, kogin Haɗeja da na Jama'are su kan cika su malala cikin daji, sa'an nan su janye, su bar giyayya da gabaruwa da goruba kore shar.

Mutanen wurin sun daɗe da raba wa ƙasan nan lokaci. Shinkafa ce ta fari, masunta su biyo baya, sai wake a kan laima, kana Fulani su shigo da shanu su ci kara su bar taki. Mai yankan kaba kuwa ba ya taɓa zuciyar gorubar, domin baɗi zai komo. Mu malamai, ko kusa ba mu ga dalilin da za a ce wannan ba ilmi ba ne.

Amma da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai malalar ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan har da rani. Kacalla ta sami yadda ta ke so, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gefe ya nutse, wani ya ƙeƙashe.