Yadda Aka Sauko da Lissafin Babbar Kwamfuta Zuwa Aljihu

A farkon shekarun 1970, injiniyan da ke son kwamfuta ta yi masa lissafi a Amurka sai ya bi layi. Zai rubuta manhajarsa da harshen FORTRAN, a huda ta a jikin katuna, ya miƙa wa ma'aikatan da ke kula da babbar kwamfuta irin IBM System/360, wadda ke cin ɗaki guda. Sakamako kan ɗauki sa'o'i, wani lokacin sai washegari. In an sami kuskuren harafi ɗaya, aiki ya koma ɗanye.

A 1974 kamfanin Hewlett-Packard ya fito da HP-65, kalkuletar aljihu ta farko da ake iya rubuta wa manhaja, a kan dala 795. Nan fa injiniyoyi suka duƙufa wajen sauko da lissafinsu daga babban ɗaki zuwa tafin hannu.

Aikin ba kwafi ba ne, domin kalkuletar ba ta jin FORTRAN. Abin da take riƙewa shi ne jerin maɓallan da aka danna, mataki 100 kacal, da ma'adanan lamba guda tara. Manhajar da ke da sunayen adadi talatin dole a matse ta cikin waɗannan tara, mai aikin yana rubutawa a takarda wace lamba ce ke zaune a ina. Ta taran ma ba abin dogaro ba ce, saboda na'urar kan are ta wajen lissafin kusurwa, ta shafe abin da ka ajiye. Dogayen jadawalai kuwa sai a jefar da su, a nemo gajeriyar dabara da ke ba da amsa mafi kusa. Idan duk da haka mataki 100 ya gaza, sai a yanka manhajar gida-gida a kan ƙananan katunan maganaɗisu, ana zura su ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe a gwada amsar da ta babbar kwamfuta, lamba da lamba.

A ganina wannan ƙuncin ya yi rana. Wanda bai fahimci lissafi ciki da bai ba, ba zai iya rage shi haka ba tare da ya ɓata shi ba.

An kuma yarda da aikin a inda ba a wasa da rai. A watan Yulin 1975, lokacin haɗuwar kumbon Apollo na Amurka da Soyuz na Tarayyar Sobiyet, 'yan sama jannatin Amurka sun tafi da HP-65 don ko-ta-kwana, ko da kwamfutar kumbon za ta sami matsala. Shekara biyu bayan haka Texas Instruments ya fitar da TI-59, mai iya ɗaukar mataki har 960.