Barcin Maƙwabta da Ran Fasinja: Darasin Filin Jirgin Zurik

Daren 24 ga Nuwamban 2001, wani jirgin kamfanin Crossair ya taso daga Balin ɗauke da mutum 33, ya nufi Zurik a ƙasar Suwizalan. Matuƙan sun yi shirin sauka a titi mai lamba 14, wanda ke da na'urar da ke jagorantar jirgi har ƙasa ko da ba a ganin gaba. Sai dai hanyar shiga wannan titi ta saman ƙauyukan kudancin Jamus take bi, kuma mutanen can sun daɗe suna kukan ƙarar jirage. Wata guda kafin nan aka fara aiki da sabuwar yarjejeniya: da zarar goma na dare ta yi, jirage ba za su ƙara keta samansu ƙasa-ƙasa ba. Saboda haka aka karkatar da jirgin zuwa titi mai lamba 28, wanda a lokacin ba shi da irin wannan na'ura.

Gajimare ya sauko sosai a daren. Kyaftin ya ci gaba da gangarowa har ya wuce iyakar da doka ta ce kada a wuce sai an ga titi da ido. Jirgin ya bugi bishiyoyi a kan wani tudu kusa da Bassersdorf, kimanin kilomita 4 kafin titin. Mutum 24 suka rasu.

Masu bincike sun ɗora babban laifin a kan matuƙin. Amma sun kuma gano cewa ba a sa wa hanyar shiga titi mai lamba 28 ƙararrawar da ke faɗakar da mai kula da zirga-zirga idan jirgi ya yi ƙasa fiye da kima ba. An sauya wa jirage hanya tun ba a gama gyara ta ba. Sai bayan hatsarin aka kafa wa titin na'urar sauka.

Kukan mutanen ƙauyukan kuwa gaskiya ne. Duk wanda gidansa ke ƙarƙashin hanyar jirage, ko a Jamus ko a unguwannin da ke kewaye da filin jirgin Malam Aminu Kano, ya san yadda ƙarar ke katse barci da zance. Ga kuma hayaƙi: kowane kilo ɗaya na man jirgi da aka ƙone yana fitar da fiye da kilo 3 na iskar da ke ɗumama duniya. Shi ya sa ake matsa wa masu kula da sararin sama su miƙe hanyoyi, su rage wa jirage shawagin jiran layi, su bar su su gangaro a hankali da injin a sassauce maimakon saukowa hawa-hawa.

Ana iya cin ribar rage ƙara da hayaƙi lafiya lau idan aka bi tsari. A da, tazarar ƙafa 2,000 ake bari tsakanin jirgi da na samansa a can ƙololuwa. Aka rage ta zuwa 1,000, a Turai a 2002, a Afirka a 2008, jirage da yawa suka samu tsayin da ya fi rage musu shan mai. Kafin a yi haka, sai da aka wajabta wa kowane jirgi ingantaccen ma'aunin tsayi, aka horar da ma'aikata. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ma ta gindaya sharaɗi: idan iska mai ƙarfi na bugun jirgi ta gefe ko ta baya, ko gani ya yi ƙaranci, ba a zaɓen titi don gudun ƙara. Kuma kyaftin na da ikon ƙin titin da bai yarda da shi ba.

Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Duk hukumar da za ta sauya hanyar jirage don muhalli, ta fara kafa na'ura, ta gwada, ta horar da mutanenta, sannan ta buɗe hanyar. Maƙwabtan filin jirgi sun cancanci barci, waɗanda ke sama kuma iyalansu na jiransu a gida.