Hanyar Gawo: Labarin matuƙan ƙananan jiragen sama da suka ƙetare Sahara su kaɗai

A ranar 12 ga watan Fabrairu na shekarar 1962, wasu sojojin Faransa da ke sintiri a hamadar Tanezrouft, kudu da garin Reggan na ƙasar Aljeriya, suka hango tarkacen wani ƙaramin jirgin sama kife a cikin rairayi. Da suka matsa kusa sai suka tarar da gawar wani mutum wadda zafin hamada ya busar, tare da littafin da ya riƙa rubutu a ciki kafin rai ya yi halinsa. Mutumin nan shi ne Kyaftin Bill Lancaster, ɗan ƙasar Ingila, wanda rabon a ji ɗuriyarsa tun shekarar 1933 lokacin da ya tashi ya nufi Gawo da ke ƙasar Mali a yau.

Mai karatu zai so ya san abin da ya kai Bature shi kaɗai wannan wuri da ko Buzaye ke shakkar ratsawa. A wancan zamani matuƙan jiragen sama na gasar wanda zai fi saurin zuwa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu daga Ingila. Hanyar da ta fi gajarta ita ce ta yamma, wadda ke bi ta Aljeriya ta ratsa Sahara ta sauka Gawo a bakin kogin Neja, inda ake shan mai kafin a ci gaba. A shekarar 1932 wata Baturiya mai suna Amy Johnson ta yi tafiyar cikin kwana 4 da awa 6 da minti 54, kuma wannan lokaci ne Lancaster ya ƙudura zai karya.

Gaggawar da ta ci rai

Lancaster, mai shekara 35, ya fito ne daga wata shari'ar kisan kai a Amurka a 1932. Kotu ta wanke shi, amma sunansa ya riga ya ɓaci, don haka ya ɗora duk fatansa a kan wannan tafiya. Ya tashi daga Ingila ranar 11 ga Afrilu 1933 a cikin jirgi mai inji ɗaya ƙirar Avro Avian. Tun a hanya ya fara makara, ya yi ɓatan kai, ga iska mai yashi, ga rashin barci. Da ya sauka Reggan, jami'an Faransa da ke wurin suka ga halin da yake ciki suka ba shi shawarar ya kwana ya huta, ya ƙi. Ya tashi da yammacin 12 ga wata, gabansa akwai hamada ta sama da kilomita 1,000 kafin Gawo.

Bai yi nisa sosai ba injin ya mutu, jirgin ya faɗi ya kife a cikin duhu, ya ji rauni a fuska. Ruwan da ke tare da shi bai kai lita 10 ba. Duk da haka ya yi abin da masana hamada ke cewa a yi, wato bai bar wurin jirgin ba. Da rana yana fakewa a inuwar fiffike, da dare yana kunna tsumman jirgin da ya jiƙa da mai ko wani zai hango wuta. Masu nemansa kuwa sun fi mai da hankali can kudu wajen Gawo, domin sun ɗauka ya yi nisa. Kwana 8 ya yi yana kurɓar ruwan kaɗan-kaɗan yana rubutu, rubutunsa na ƙarshe kuma na ranar 20 ga Afrilu ne. Ragowar jirgin nasa na ajiye a gidan tarihi na Queensland a ƙasar Ostareliya.

Wanda ya fara leƙo hanya

Bayan shekara 6, wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 26, Alex Henshaw, ya ɗauki wannan hanya. Shi kam bai yi gaggawa ba. A 1938 shi da mahaifinsa suka bi hanyar da wani jirgi, suka ga filayen sauka da idonsu, suka san inda za a sami mai. Sai ranar 5 ga Fabrairu 1939 ya tashi daga Gravesend kusa da Landan a cikin jirgin tsere ƙirar Mew Gull, wanda mazauninsa mutum ɗaya kawai yake ɗauka, shi ma a matse.

Zangonsa huɗu ne kafin Cape Town: Oran, Gawo, Libreville da Mossamedes a ƙasar Angola. Tsakanin Oran da Gawo kaɗai akwai fiye da kilomita 2,000. Jirgin ba shi da rediyo. Abin da ya dogara da shi shi ne kamfas da agogo da taswira, wato ya riƙe saiti ɗaya, ya lissafa gudu da lokaci, ya yi fatan iska ba ta karkatar da shi ba. Ɗan kuskure a saiti kan zama kilomita masu yawa bayan awa shida ana gudun sama da kilomita 300 a awa, kuma babu alamar da za ta gyara masa lissafi sai kogin Neja idan ya bayyana.

Ya isa Cape Town cikin ƙasa da awa 40, ya huta awa 28, ya juyo ta hanyar da ya bi. Zuwa da dawowa, tafiyar sama da kilomita 20,000, ta ɗauke shi kwana 4 da awa 10 da minti 16. To amma shi ma ya sha wuya, domin gajiya da zazzaɓi sun gallabe shi a hanyar dawowa, har sai da jama'a suka ciro shi daga cikin jirgin saboda ya kasa fitowa da kansa.

Shekara 70 babu wanda ya kamo shi

Henshaw ya rasu a 2007 ba tare da wani ya karya wannan lokaci nasa ba. Sai a watan Mayu na 2009 wani matuƙi ɗan Afirka ta Kudu, Chalkie Stobbart, ya yi tafiyar daga Cape Town zuwa Ingila ya koma cikin kwana 3 da awa 15 da minti 17, a wani ƙaramin jirgi haɗin hannu. Shi ta Kano ya bi ya sha mai, ga kuma na'urar tauraron ɗan Adam mai nuna masa inda yake a kowane minti.

Na'urorin zamani sun rage ɓatan kai, kuma a yau ƙananan jirage na ɗauke da na'urar neman agaji mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam idan sun faɗi. Sai dai babu na'urar da ke yi wa matuƙi barci, inji ɗaya kuma idan ya tsaya ya tsaya ke nan. Direbobinmu da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku sun san wannan karatu: a huta kafin a shiga hamada, a ɗebi ruwa fiye da lissafi, a sanar da mutane hanyar da za a bi, idan mota ta lalace kuma a zauna kusa da ita. Lancaster ya kiyaye na ƙarshe, amma shawarar farko da aka ba shi a Reggan ita ce ya tsallake. Allah Ya kiyaye matafiya, na sama da na ƙasa.