Magani kyauta ne ga yaro, amma hanyar likita ba kyauta ba ce

Duk wanda ke cin kasuwannin ƙauye tsakanin Maradi da Damagaram ya san yadda watan Agusta da Satumba suke. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sauro ya cika gari. A wannan lokaci ne gidajen likita ke cika da yara, biyu ko uku a gado ɗaya, wasu da masassara, wasu da tamowa, da yawa kuma da duka biyun. Mafi yawansu ba daga birni suke ba. Daga ƙauyuka da rugage ake kawo su, kuma sau da yawa ana kawo su a makare.

Mu fara da faɗin gaskiya: an yi aiki a ƙasar nan. Tun daga 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka shiga gina ƙananan ɗakunan likita a karkara, har suka kai wajen dubu biyu. Bayan yunwar 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta karɓi yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, gwamnati ta ɗauki doka a 2006 cewa duk yaron da bai kai shekara 5 ba a duba shi a ba shi magani kyauta, haka ma awon ciki. Sakamakon bai ɓuya ba. A 1998, cikin yara 1000 da aka haifa, 226 ke rasuwa kafin su cika shekara 5; a 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Duk da haka, har yau fiye da yaro ɗaya cikin goma ba ya kai wannan shekara a Nijar.

To ina gizo ke saƙa? Dokar ta ce likita ta yi aiki kyauta, daga baya gwamnati ta biya ta. Shekara da shekaru biyan ya riƙa jinkiri, bashi ya taru har biliyoyin kuɗi. Mu ƴan kasuwa ba sai an yi mana bayani ba: kanti ne da ake ɗaukar kaya bashi kullum, ba a kawo kuɗi. Ƙarshensa kanta ta bushe. Sai uwa ta kai ɗanta, a duba shi kyauta, a rubuta mata takarda ta je farmasi ta saya da kuɗinta. Wadda ta sha wannan sau biyu, ba ta komawa na uku da sauri.

Ga kuma abin da doka ba ta ambata ba. Kuɗin kabu-kabu ko amalanke daga ƙauye. Abincin mai jinya. Ranar kasuwa da za ta wuce, ga fura an dama ko ƙuli an soya, jarin kuma na adashe ne. Ga jiran izinin maigida da ya tafi ci-rani ko yana gona. Shi ya sa uwa kan ce bari mu ga gobe, ta sayi ƙwaya biyu wurin mai tallar magani a tire, wanda ya wuni da shi cikin rana, ba ta san ko na gaske ne ko jabu ba. In zafin jikin ya ƙi sauka, a ce beli ne, a kira wanzami. Kwana uku sun tafi ke nan. Masassarar cizon sauro kuwa ba ta jiran yaro ƙarami; cikin kwana ɗaya ko biyu tana iya shanye masa jini ko ta hau kai ya fara jijjiga. Yaron da ya ƙi nono, ko yake amai da duk abin da ya sha, ko ya sandare, ba ya kwana a gida.

Akwai abubuwa biyu da ke hannun mata yanzu, waɗanda ba su cin ko dala. Na farko maganin rigakafin masassara na damina, wanda aka fara gwadawa a 2013 a Magarya, Madawa, Buza, Madarumfa da Gidan Rumji kafin a bazu da shi. Ana bi gida-gida sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba, don yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Ma'aikaci ke ba da na ranar farko da hannunsa, ya bar wa uwa na kwana biyu. Nan ne ake samun ɓaraka. Wata ta manta saboda sammakon kasuwa, wata ta ajiye sai yaro ya kwanta, wata ta raba wa ɗan maƙwabciya. Maganin kwana uku ne; in an sha ɗaya an bar biyu, an yi rabin aiki.

Na biyu shi ne ɗan zaren awon dantse mai launi uku. A gundumar Mirya, ƙungiyar BEFEN ta ƴan ƙasa da abokiyar aikinta ALIMA sun koya wa iyaye mata auna ƴaƴansu da kansu, aka kuma tarar suna gano tamowa da wuri, ba su gaza ma'aikata ba. Macen da ke auna tiya ba ta kuskure, dantsen ɗanta ba zai gagare ta ba. Kore lafiya lau. Rawaya a je likita cikin satin. Ja, wato ƙasa da milimita 115, ko kumburin ƙafafu biyu, a tafi ranar. Kuma abincin nan na leda da ake ba mai tamowa magani ne. Muna ganin sa a kan teburan wasu cikinmu, ana sayar da shi kamar alewa. Duk leda ɗaya da ta zo kasuwa, daga bakin wani yaro aka fizge ta.

Batun kuɗin hanya ma ba sai mun jira Yamai ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991, sun daɗe da asusun taimako ban da na bashi. Abin da ya rage shi ne kowace ƙungiya ta ware wani abu musamman don kai yaro likita da dare, a san mai babur ɗin da za a buga wa, a biya shi daga asusu, uwa ta maido bayan kasuwa.

Saura na hukuma. A Satumba 2024 an ƙaddamar da allurar rigakafin masassarar cizon sauro a Gaya, kuma a shekarar ce aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Madalla. Amma allurar sau huɗu ake yin ta, ba ta kuma maye gurbin gidan sauro ba, kuma ba ta da amfani in firijin likitar ƙauye ba ya aiki. Kowace likita tana da kwamitin jama'a mai sa ido kan kuɗi da magani. Ƴan kasuwa, waɗanda suka fi kowa sanin lissafin shiga da fita, ya kamata su nemi kujera a ciki, su tambayi nawa aka turo, yaushe, kuma wane magani ne ya ƙare kafin ruwan Yuli ya sauka.