Jingar Raga da Kuba: A Daidaita Tun Ruwa Bai Sauka Ba

Kowace shekara, da zarar hadarin farko ya taso daga gabas, sai ka ga magidanta sun yi cincirindo a rumfunan kafintoci da na masu walda, tun daga kasuwar Katako ta Yamai har Kasuwar Dole ta Damagaram. Wannan yana son a buga masa raga a taga, wancan kubar ɗakinsa ta cije, kowa kuma yau yake son a gama masa. To, wannan shi ne mafi munin lokacin neman mai sana'a. Aiki ya yi masa yawa, zai karɓi na kowa, ba zai kyautata na kowa ba. Wanda ke son aiki mai kyau, a watan Afrilu ko Mayu yake ƙulla jinga.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar raga maganar ado ce. A lissafin Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, na shekarar 2023, ƙasashe 4 ne suka ɗauki fiye da rabin mutanen da masassarar cizon sauro ta kashe a duniya, Nijar kuwa tana cikinsu. Sauron da ke kawo cutar da dare yake cizo, yawanci a cikin ɗaki. Tun wajen 1900 wani likitan ƙasar Itali, Anjelo Celli, ya sa aka rufe tagogi da ƙofofin ma'aikatan jirgin ƙasa da raga, masassara ta ragu ƙwarai a cikinsu. Haka nan a ƙasar Gambiya an gwada abin a gidaje 500, aka bayyana sakamako a 2009: sauron da ke shiga gidan da aka rufe sarai ya ragu da fiye da rabi, ƙarancin jini ga yara kuma ya ragu da kusan rabi. Raga ba ta maye gurbin sange, amma tana tsare mutum tun daga magariba, lokacin da ake cin tuwo da hira, ba wanda ya shiga sange tukuna.

Sai dai duk wannan amfani yana rataye ne a hannun mutum guda, wanda ka yi jinga da shi. Ba shi da uban gida da za ka kai wa ƙara, sau da yawa rumfarsa ma ta aro ce. Don haka a fara da tambayar maƙwabta, a je a ga aikin da ya yi bara, ba wanda ya gama jiya ba. Aikin jiya kowane iri yana ƙyalli.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Na ba wani kafinta kuɗin aiki duka a hannu, saboda ya ce zai sayo kaya da araha. Ya auna tagogi uku, ya tafi, sai bayan mako uku na sake ganinsa, da raga ta roba mai laushi wadda awaki suka yage tun kaka ba ta yi ba. Da na yi magana sai ya ce ai ban faɗi irin da nake so ba. Gaskiyarsa kuwa, ban faɗa ba.

A nan ne karatun yaƙi da jahilci ke da rana. Wanda ya iya rubutu, ya ɗauko takarda ya rubuta jinga a gaban shaida: taga nawa, ƙofa nawa, raga ta ƙarfe ko ta roba, wa zai sayi kaya, ranar gamawa, da kuɗin hannu dabam da kuɗin kaya. In da hali, ku tafi kasuwa tare. In an daidaita kuɗin hannu a kan jika 30, alal misali, a ba da jika 10 kafin alƙalami, saura sai an duba aiki. Shi ma mai sana'a takardar nan kariya ce gare shi, domin akwai masu gida da yawa da ke ƙara aiki a tsakiya, "tunda ka zo, duba mini ƙofar kicin", sa'an nan ranar biya su ce ba su san zancen ba. Gumin mutum ba abin wasa ba ne, kuma wanda aka taɓa cinye wa haƙƙi shi ne gobe ke neman kuɗinsa duka tun bai taɓa guduma ba.

Duba aiki kuwa ba shi da wuya. Da rana tsaka a shiga ɗaki, a rufe ƙofa, a bi gefen kowace taga da ido. Duk inda haske ya ɓullo tsakanin katako da bango, nan ƙofar sauro take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idon raga kada ya wuce milimita ɗaya da rabi. A tabbata an danne bakinta da siririn katako ko ƙarfe, ba ƙusa kaɗai aka lanƙwasa a kai ba. Ƙofar raga ta riƙa buɗewa waje, a ɗaura mata roba da za ta mayar da ita, tun da yara ba su rufe ƙofa. Abin da aka fi mantawa shi ne ratar da ke tsakanin kan bango da rufin kwano. Ta nan sauro ya fi shiga, yana bin ɗumi da warin masu barci. In ba a cike ta da laka ko siminti ba, kuɗin ragar ya tafi a banza. Amma kada a toshe iska gaba ɗaya, gama ɗakin da ya yi zafi tilas mutane su kwana a tsakar gida.

Batun kuba batun amana ne. Mai gida ya sayo kubarsa da kansa, ya buɗe kwalinta da hannunsa, ya ƙirga mabuɗan kafin aiki da bayan aiki. Wannan ba zargi ba ne, kuma mai sana'a na kirki ya fi son haka, don ranar da aka yi sata kada a ce da shi. Wanda ya tare a gidan haya ya canza kuba tun daren farko, bai san hannu nawa tsohon mabuɗi ya bi ba. In kuba ta cije saboda ƙurar hunturu, kada a ɗura mata man gyaɗa, ƙura yake kamawa ya daskare. A goga bakin fensir a jikin mabuɗi, a sa, a juya. Kuma kuba mai tsada a kan ƙyaure da gara ta ci, ko dogarin ƙofa da ke motsi a cikin laka, ba ta tsare komai.

Ga shugabannin ma'aikatu, makarantu da ɗakunan shan magani, kafin a sa hannu a takardar biya a tashi a je a juya kowane mabuɗi, a rubuta sunan wanda aka damƙa wa. Ɗakin haihuwa da ɗakin da ake kwantar da yara su ne na farko da za a sa wa raga, kafin ofishin shugaba.