Abubuwan Lura Kafin Sayen Rauta Ta Gida Ko Ta Shago

Tun bayan da kamfanin MTN ya ƙaddamar da tsarin sadarwa na 5G a shekarar 2022, Airtel kuma ya bi sahu a 2023, na'urorin rarraba intanet ba tare da waya ba, waɗanda aka fi sani da rauta, suka yawaita a kasuwannin ƙasar nan, daga Computer Village da ke Ikeja har zuwa Farm Centre a Kano. Sai dai masu saye da dama kan kashe kuɗi a kan na'urar da ba ta dace da unguwarsu ba.

Abu na farko da ya kamata a tantance shi ne hanyar da intanet za ta shigo gidan, domin aikin rauta rarrabawa ne kawai.

Iri na farko shi ne ƙaramar na'urar aljihu, wato MiFi, wadda ke amfani da katin sim, kuma tana da batirinta. Ta dace da ɗan kasuwa mai yawan tafiye-tafiye, ko shagon da wutar lantarki ba ta tsayawa, amma ƙarfinta bai cika wuce ɗaki ɗaya ko biyu ba.

Iri na biyu shi ne rautar tebur ta 4G ko 5G. Ita ma da sim take aiki, sai dai ta fi jan sigina, ta kuma fi ɗaukar wayoyi da kwamfutoci masu yawa. A unguwar da 5G bai iso ba, rautar 5G kan koma aiki da 4G, don haka ƙarin kuɗin da aka biya ya tafi a banza.

Iri na uku shi ne wadda ake haɗawa da wayar faiba ko tauraron ɗan'adam, kamar Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023. Wannan ta fi dacewa da ofis ko babban gida, amma tana buƙatar wuta a kowane lokaci, ko dai ta batiri ko ta hasken rana.

Bugu da ƙari, yana da kyau a zaɓi mai zango biyu. Zangon gigahaz 2.4 ya fi ratsa bangon bulo, na gigahaz 5 kuwa ya fi sauri amma bai kai shi nisa ba. Gida mai sassa da yawa kan buƙaci ƙananan na'urori biyu ko uku masu miƙa wa juna sigina.

A ƙarshe, wasu rautocin da kamfanonin sadarwa ke sayarwa da rahusa a kulle suke, ba sa karɓar sim ɗin wani kamfani. Saboda haka ya dace mai saye ya fara gwada sim ɗin kamfanin a wayarsa a cikin ɗakin da zai ajiye na'urar, ya kuma tabbatar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da samfurin kafin ya biya kuɗi.